Ƙafafun da Bukar Ya Zaɓa

Gure, daren Talata, tsakiyar bazara

Mun binne jaririn Falmata bayan la'asar. Ita tana asibiti. Ƴata ce, amma na kasa kallon idonta.

Tun ranar da ƙanena Bukar ya kawo ƙafafun roba irin na katafila, don a ɗaura wa ƙaramar motar ɗaukar marasa lafiya, na yi magana. Na karanta Faransancin da ke jikin kwalinsu. Na dusar ƙanƙara ne. Har da hoton wani bature yana dariya, ya huda daskararren tafki ya ciro kifi.

Na ce, "Bukar, ina ka ga ƙanƙara a hanyar ƙauyen Alakos?"

Ya ce, "Yaya, karatu ya yi miki yawa. Abin da bai nutse a ƙanƙara ba, ba zai nutse a yashi ba."

Maza suka yi dariya, suka cire tayoyi masu lafiya, suka ɗaure nasa.

Bai yi ƙarya ba, motar ba ta nutse ba. Yashi ne ya cika ƙarafan, roba ta yi zafi ta zame, ga Falmata a ciki tana naƙuda. Da amalanken shanu aka ƙaraso da ita asibiti.

Ɗazu Bukar ya zo gaisuwa, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Na amsa, don na yarda da ƙaddara. Amma ban ba shi tabarma ba. Kwalin na shimfiɗa masa, hoton yana sama. A tsaye ya gama addu'arsa.