Ni ce na faɗa masa yadda ƙanena yake mayar da ƙwallo

Tanti Sabuwa, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, don abin da ke cina ba ya faɗuwa a gida, in kuwa na kai wa ƙawayena, dariya za su yi tun ban kai rabi ba.

Ni ƴar Damagaram ce, shekarata tara a Faransa. Ina aikin ƙididdiga a wani ɗakin bincike a Lyon, muna zaune a Vénissieux ni da maigidana. Injiniya ne, shekararsa talatin da takwas, da tumbinsa daidai gwargwado. Shekara huɗu ke nan da abokan aikinsa suka koya masa wasan besbol, tun daga ranar kuma gidanmu yake warin takalmi.

In ba ki san wasan ba, ba ki yi asara ba. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana bugu da sanda, ɗaya yana tsugune a bayan mai bugun yana cafke abin da aka kuskure. Wanda ya buga sai ya zagaya tasha uku ya dawo inda ya tashi, wani farin faifai a ƙasa da suke kira gida. In ya taɓa faifan kafin a taɓa shi da ƙwallo, an ci ɗaya. Sauran lokacin, manyan maza ne tsaye a rana suna tofar da yawu. Akwai kuma abin da suke kira satar gida: mai gudu yana tasha ta uku, maimakon ya jira a buga ƙwallo, sai ya faki ido ya sheƙa gida da ƙafafunsa kawai. Mita ashirin da bakwai ne, ƙwallo kuwa ta fi kowa sauri, don haka ba ta yiwuwa sai wani ya yi sakaci. Doka ta yarda da ita. Maigidana ya daɗe yana mafarkinta.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira shi Isufu. Yana karatun kiné a Paris, wato gyaran gaɓoɓi da tausa, yana zaune a Aubervilliers ɗaki ɗaya da abokinsa Yanis. Maigidana ne ya jawo shi wasan. A kulob ɗinsu na Paris Isufu ne mai cafka, Yanis mai jifa.

A watan Afrilu Isufu ya turo mana bidiyon wani wasansu. Ina yanka albasa, waya tana jingine da kwalbar mai, ina kallo da rabin ido. Ni kuwa aikina ke nan, in ga abin da ke maimaita kansa. Sai na yi dariya na ce wa maigida, dubi wannan malalacin, har yau bai canza ba. Tun yana yaro in Inna ta ce ya miƙo ludayi, daga zaune yake cillowa. Haka yake yi a fili: in ya cafke ƙwallo ba ya miƙewa, daga durƙushe yake lulo ta sama a hankali zuwa ga Yanis, sannan ya sunkuyar da kai yana share ƙasa da hannu. Na ƙirga, daƙiƙa uku cur kansa na ƙasa. Yanis kuma bahago ne, in ya karɓi ƙwallon bayansa yake ba tasha ta uku. Na faɗi wannan duka don in yi wa ƙanena tsiya, na zuba albasa a tukunya, na manta. Maigida bai yi dariya ba. Ya kamata wannan ya farkar da ni.

A watan Mayu kulob ɗin maigida da na Isufu suka haɗu a wani fili a gefen Paris. Na bi maigida a jirgin ƙasa, na zauna a benci cikin mutum goma sha ɗaya da kare ɗaya. Zagaye na ƙarshe, kunnen doki, maigida a tasha ta uku. Na ga yana matsowa taku bayan taku kamar kyanwa mai ciki ta hango kifi. Isufu ya cafke, ya lulo ƙwallo sama, ya sunkuya. Ƙwallon ba ta gama barin hannunsa ba maigida ya ɓalle. Aka yi ta ihu, Yanis ya juyo a firgice ya mayar da ita ƙasa-ƙasa, Isufu ya kai hannun dama tsirara don ya tare ta, daidai lokacin da kilo casa'in suka zamo da ƙafa a gaba, takalmi mai ƙusoshi. Daga benci na ji ƙarar.

Alƙalin wasa ya ce maigida ya ci. Abokansa suka ɗaga shi sama, ƙanena yana birgima a ƙasa taku biyu daga gare su. Ƙashi biyu ne suka karye a bayan hannun. Filasta sati shida, ga shi a watan Yuni zai fara aikin koyo a asibiti, aikin da hannu ne jarinsa.

Don Allah kar in zalunci maigida: shi ya kai shi asibiti, ya zauna har aka ɗaura hannun. Amma tun a hanyar komawa Lyon ya fara. Wani ya ɗauki bidiyo, shi kuma ya sa an rage masa sauri, an ɗora kiɗan tauri, ya saka a WhatsApp, har a zauren danginmu inda Inna take. Yana kiran Isufu mai gadi mai barci, wai ai ƙanen mata abokin wasa ne. Wandon da ya zame da shi ya hana a wanke. Yana rataye a bayan ƙofar ɗakinmu da jar ƙasa da zufar ranar, kusan wata guda. In ya ci abinci ya ƙoshi sai ya kashe mini ido ya ce, ina gwanar koci tawa. Tanti, duk lokacin da ya faɗa sai in tashi in kwashe kwanuka.

Ga inda ta fi ɓaci. Isufu ba wawa ba ne. Ya ce ba yadda za a yi mutumin da bai taɓa karawa da su ba ya san wannan daƙiƙar, sai in wani ya faɗa masa. Kuma ya ga maigida da Yanis suna hira kafin wasa. Yanzu ba ya yi wa Yanis magana, alhali Yanis ne ke ɗaure masa igiyar takalmi kowace safiya, har Isufu yana neman wani ɗaki. Kullum yana kirana ya ce, Yaya, ke kaɗai kika rage mini. Ni kuma in ce masa ya yi haƙuri, kamar wata mutuniyar kirki. Ya ce ba zai zo mana sallar layya ba, karon farko tun zuwansa ƙasar nan.

In na yi shiru, Yanis da bai ci ba bai sha ba yana ɗauke da laifina. In na faɗa, ƙila in rasa ƙanena. Kuma ban san yadda zan ƙara kallon mijina ba ba tare da na ga wandon nan ba. Me zan yi?

Ƴar kallo, Vénissieux

Ƴata, wa alaikumus salam. Na tambayi wanda ya san wasan, ya tabbatar mini da abin da kika faɗa: satar gida halas ce a dokarsu, kuma lura da sakacin abokin karawa shi ne rabin wasan. Don haka mu sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, kin haɗa su kin ɗaure wuri guda.

Ba ke kika karya hannun ba. Kin yi wa ƙanenki tsiya a madafa, kamar yadda kowace yaya take yi. Mijinki ma ban ga alamar ya nufi hannun ba. Ya nufi faifan, hannu ya shigo tsakani. Shi ma Isufu yana da nasa kason, mai gadin ƙofa ba ya sunkuyar da kai baƙo na tsaye a zaure. Wannan duka tsautsayi ne, kuma ƙashi zai haɗe da yardar Allah.

Abin da ba tsautsayi ba shi ne abin da ya biyo baya. Wasa da ƙanen mata gaskiya ne, amma wasa sai da mai iya ramawa. Wanda hannunsa ke cikin filasta, karatunsa na lilo, ba a yi masa kiɗa. Ki zaunar da mijinki da rana tsaka, ba da gatse ba, don na lura gatse ya fi miki sauƙi, kuma namiji mai murna ba ya jin gatse. Ki ce masa a fili: ya cire bidiyon, ya daina wannan suna, ya kira Isufu ya ba shi haƙuri a kan dariyar, ba a kan cin ba. Cin nasa ne, ki bar masa. Mutumin da ya zauna a asibiti har aka gama ɗauri ba mugu ba ne, murna ce ta makantar da shi. Wandon kuwa, ki sa a injin wanki yau. Ba ya buƙatar shawarar kowa.

Naki laifin ba ranar albasa aka yi shi ba. Ana yin sa duk safiyar da Yanis ya durƙusa ya ɗaure takalmin wanda ke zarginsa, ke kina sane. Kuma ki tuna sirrin ba a hannunki kaɗai yake ba. Mai kiranki koci a kan abinci wata rana zai faɗa a gaban mutane, Isufu ya ji daga bakin da bai kamata ba. Ki riga shi.

Kar ki yi ta waya. Ki hau jirgi ranar Asabar, awa biyu ne, ki tafi da abincin da yake so, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, har da ludayin Inna. Kar ki yi masa lissafin daƙiƙu don kare kanki. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Kafin ki baro gidan ki nemi Yanis ki ba shi haƙuri da bakinki, a gaban Isufu. Sannan ki taya ƙanenki kai takardar likita makarantarsu ya nemi a ɗaga masa aikin koyon. Wannan zai fi masa amfani da kukanki.

Ƙila ba zai zo sallar bana ba. Kar ki matsa, ki aika masa da namansa. Fushin ɗan'uwa a kan gaskiya yana da ranar ƙarewa. Zumuncin da aka jingina da ƙarya ne ba a san ranar da zai faɗi ba.

Idon da Allah ya ba ki ba abin ƙyama ba ne, sau ɗaya ne ya yi aiki a gidan da bai dace ba. In an cire filasta, kika ga ya huce, ki zauna da shi ku kalli bidiyon farko tare, ki nuna masa daƙiƙu ukun nan. Wata biyu ke nan da ya kamata a ce shi ya fara jin su.

Allah ya ba Isufu lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya sa sallar baɗi ku ci a kwano ɗaya.

Tanti Sabuwa