Rabin Ƙwaya

Litinin, 3 ga Maris

Surukata, Inna, ta zo. Ta ɗora Kumatu a cinya, ta duba hanci, ta duba kunne, ta ce, "Ubanta sak. Ke dai wahalar ciki kika sha, ba ta ɗauko komai naki ba." Na taya ta dariya. Wata huɗu ke nan da nas ta ce ƙwayar ƙanjamau da ke jinina ta shiga jinin 'yata. Inna ba ta sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Tarin Kumatu bai tsaya ba. Nauyinta yana nan inda yake tun watan jiya.

Laraba, 19 ga Maris

Likita ya ce maganin Kumatu ba ya cin cutar. Sun ɗebi jininmu mu biyu, za a duba wace irin ƙwaya ce. Ya ce, "Malama, kina shan naki kullum?" Na ce kullum. Ban yi ƙarya ba, rabi ma ai sha ne.

Bari dai in rubuta. Tun ina da ciki wata biyar babanta ya fara rama, ya ƙi zuwa asibiti. "A gan ni a wannan layin? Wa zai sake miƙo min kansa in aske?" Sai muka koma raba maganina. Kowace safiya ya ɗora ƙwayar a kan faranti, ya tsaga ta da reza, tsaf kamar yana gyara saje. Rabi nasa, rabi nawa. Ni wawiya, har daɗi nake ji, wai muna rufa wa juna asiri.

Talata, 8 ga Afrilu

Sakamako ya dawo. Likita ya zana min a bayan katina. Wai ƙwayar da ke jinina iri-iri ce, kamar 'yan gida ɗaya, kuma yawanci guda ce ke tsallakawa zuwa jariri. Wadda ta tsallaka wurin Kumatu ita ce wadda ba ta jin magani.

"Haka takan zama in magani yana shiga jiki kaɗan-kaɗan. Bai kashe ta ba, sai ta saba da shi."

Zai canza mana wani. Amma ya ce sai ya ji gaskiya, don magungunan jarirai ba su da yawa, in wannan ma ya lalace ba mu da wurin gudu sosai. Na tsaya kallon sikelin awon jarirai. Na goya Kumatu muka dawo gida da gaskiyar a cikina.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wai ba ta ɗauko komai nawa ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na koma na faɗa wa likita komai, har rezar. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Da safe babanta ya kawo faranti da reza, ya miƙo hannu. Na haɗiye sabuwar ƙwayar guda a gabansa. Ta tsaya min a wuya, na manta girman cikakkiya.

"Ke, nawa fa?"

"Naka yana asibiti."

Ya fita ko ƙofa bai ja ba. Ban yi kuka ba. Kumatu ta shanye nata, ta tofar da kaɗan, na sake ba ta. Katin gwaji da nas ta ba ni in kai masa, na cusa masa a jakar askin da ya bari, ƙarƙashin almakashi. Ba don shi na yi ba. Wuri ne kawai na rasa.