Ni Ke Jinyar Baba, Sunan Yaya Ke Kan Kati

Anti, ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Amma don Allah kar ki ce in yi haƙuri, kunnena ya gaji da kalmar nan.

Shekara biyu ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Sati uku ya yi a asibiti aka sallamo shi, wai sabon tsari ne: asibiti da ofishin jin daɗin jama'a sun haɗa aiki, mara lafiya zai fi samun sauƙi a hannun iyalinsa. Iyalin nan kuwa ni ce. Ni tela ce, na rufe shago na dawo da keken ɗinkina ɗakin Baba, yanzu a kan keken nake jera magunguna. Ni ke juya shi kar bayansa ya yi gyambo, ni ke canza ledar katifa, ni ke ba shi abinci da cokali yana furzo min a jiki.

Ranar da ma'aikaciyar ofishin ta zo yin rajista, ina banɗaki ina wanke zannuwansa. Yayanmu ta tarar a falo, ya zo gaisuwar da yake yi sau ɗaya a sati. Ta tambaye shi wa ke kula da mara lafiya, ya ce shi ne babba, ta rubuta sunansa a katin jinya. Ko leƙowa ba ta yi ta ga mai hannu cikin kumfa ba. Mai katin jinya ana duba lafiyarsa kyauta, kuma yana da ranakun hutu da ake turo wani ya karɓe shi. Anti, Yaya ya je an duba masa baya! Ni da ciwon ƙugu ya sa sai a zaune nake salla. Na je ofis, suka ce sai mai katin ya sa hannu. Na yi masa magana, ya ce jinya ai aikin mata ne, me zan yi da kati. Matarsa kuma ta ce ina neman lada ina neman suna.

Wallahi na tsani Yaya. Jiya na daka wa Baba tsawa don ya zubar da shayi, ya bi ni da ido hawaye na zuba, bakin ba ya magana. Na ƙudurta in ɗauko mota in sauke shi a ƙofar gidan Yaya in yi tafiyata.

Tela mai ciwon ƙugu

*

'Yar'uwa, ba zan ce ki yi haƙuri ba. Yayanki ya riƙe abin da ba nasa ba, ma'aikaciyar kuma ta yi aikin ganin ido. Haka ake yi wa mata da yawa: a ce iyali za su kula, a bar wa mace ɗaya.

Amma Baba ba kaya ba ne da za ki sauke a ƙofar wani don ki rama. Shi bai cike takardar kowa ba. Ki shiga yau ki riƙe hannunsa ki ba shi haƙuri, yana ji ko da ba ya amsawa. Tsawar nan alama ce kin kai ƙarshe.

Ki daina roƙon sa hannun Yaya. Ki rubuta wa ofishin ki nemi a dawo gida a sake tantancewa, ki kuma nemi nas ɗin da ke duba Baba ta shaida wa take tararwa a kansa. In sun zo, a ce mai katin ya nuna yadda ake juya mara lafiya. Minti biyu sun isa.

Sannan ki kira babba a dangi da Yaya ke jin nauyinsa. Mai yiwuwa tsoron ganin mahaifinsa a wannan hali ne Yayan yake ɓoyewa a bayan girman kai, amma tsoro ba uzuri ba ne. Wankan uba ma ɗa namiji ya fi cancanta da shi. A yanka masa kwana biyu a sati, shi da kansa, ba matarsa ba.

Ƙugun nan kuwa ki kai shi asibiti satin nan, da kati ko babu. In kika kwanta, biyu za a yi jinya.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ki lafiya da hutun da kika daɗe da cancanta.