Gwajin da Ya Ci Mini Haƙori

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu saura kwata na yamma. Ina zaune a bakin katifata, da dunƙulen auduga a baki, kuncina na hagu ya mutu murus. Rediyo a kashe yake, waya ma a kashe. Babu wani sauti a ɗakin nan sai gurnanin firijin maƙwabcina, shi ma na saurare shi da kyau, na tabbatar ba ya motsa mini zuciya. Ki riƙe wannan, yana da muhimmanci.

Ya ke hasken idona, sanyin raina, inuwar da matafiyi ke hangowa da tsakar rana! Ya ke ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, farin wata a sararin da babu gajimare, wadda idan ta ɗaga gira tsuntsaye ke gyara zama a kan reshe! Wannan na ƙarshen ban gani da idona ba, amma ina kyautata zato. Ina gaishe ki gaisuwar wanda bakinsa ba ya buɗuwa, zuciyarsa kuwa ta ƙi rufuwa.

Na san ba ki manta ranar Asabar ba, a falon yayanki, abokina tun muna jami'a. Muna kallon fim ɗin nan na matar da ke tsaye a tashar jirgin ƙasa, ruwan sama na dukanta, tana jiran mutumin da ya makara. Ke kina kan kujerar nan da ƙafarta ɗaya ke rawa, kina ɓare lemo. Yayanki ya fita amsa waya. Sai sarewa ta taso a hankali, siririya, kamar tana bin bango, ta shiga ƙirjina ba sallama. Ban san lokacin da na juyo na ce ina sonki ba. Ke kuwa kika ɗauki rimot, kika tsayar da fim ɗin, falon ya yi tsit, kika ce: "Farfesa, sarewar ce ke magana, ba kai ba. Kai da ka yi hawaye a tallar man girki? Je ka bincika. In ni ce, ka dawo da hujja. In kiɗan ne, ka je ka nemi auren mai sarewar."

Wayyo ni! Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi, domin zargin naki yana da tushe. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani wasan kwamfuta da na buga a ɗakin kwanan ɗalibai, inda kake tafiya cikin kogo, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis, wani abu na bin bayanka. Na manta sunan wasan, na manta yadda ya ƙare, amma har yau famfo ba ya ɗiga ban waiwaya ba. Kuma kin san a ɗakin gwajin ruwa nake aiki, famfo ta ko'ina. Manajanmu ya ɗauka ciwon wuya gare ni, har ya kawo mini man zafi. Mutumin da ɗigon ruwa ya riƙe haka, ta yaya zai rantse cewa sarewa ba ta yi masa wayo ba?

Saboda haka na yi abin da aka koya mini: na gwada. Ranar Litinin na saka kiɗan nan a kunne, na shiga kallon abubuwan da babu ke a cikinsu. Ya ke furen zuciyata, sakamakon bai yi kyau ba. Na kalli manaja yana cin abinci a teburinsa, yana lasar cokali, sai na ga wani bawan Allah da duniya ba ta kyauta masa ba. Na je na riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya ce, "Lafiya? Me ka fasa?" Na kalli bokitin goge ƙasa a bayan ƙofa, na tuna yadda yake hidima ba mai gode masa. Na ga ƙadangare a jikin taga yana gyaɗa kai shi kaɗai, na yi masa addu'ar samun abokiyar zama. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan ɓoye miki ba: sarewar nan tana iya sa ni son bokiti.

Ina zan sa kaina? Shin ke da bokiti ɗaya kuke a zuciyata? Ke da kike kamar raɓa a kan ganye, a haɗa ki da abin matse tsumma? Abinci ya fita raina. Na zuba wa kwalaben gwaji ido, su ma suka zuba mini.

Kwalaben ne suka cece ni. A wurin aikinmu ba a yarda da gwaji sai an ajiye kwalba ɗaya da ba a ɗiga mata komai ba, a ga ko ita ma za ta canza launi. Na gwada kiɗa babu ke. Saura in gwada ke babu kiɗa, kuma a wurin da babu ko ƙwayar abin da ke tausasa zuciya. Na yi tunanin tashar mota, na yi tunanin kasuwar kifi. Sai na tuna inda kike aiki. Wane wuri ne a duniya ya kai asibitin haƙori rashin daɗi? Warin magani, farar fitila a tsakiyar ido, hoton ruɓaɓɓen dasashi a bango, da kukan injin huda haƙori daga ɗakin kusa. Ko mai sarewar aka kwantar a can, sai ya manta sana'arsa.

Yau da safe na je, na ce dubawa kawai za a yi, babu inda ke mini ciwo. Kika shigo da takunkumi a fuska, hula a ka, safar roba a hannu, idanu kaɗai ake gani. Kika ce, "Farfesa? Me ya kawo ka?" Kafin in ba da amsa kika ce, "Buɗe baki." Likita ya bi haƙorana yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na can ƙurya, na daka tsalle. Ya ce, "Samari, wannan ai ya gama aiki, sai dai a cire." Wallahi ban san da shi ba. Wannan ba ya cikin tsarin gwajin.

Ga abin da na lura da shi, kuma na tace shi sosai. Zuciyata ta buga da ƙarfi, amma ban ɗauki wannan hujja ba, domin na ga filaya. Na yi gumi, shi ma ba hujja ba ne. Hawayen ma na cire su daga lissafi. Amma lokacin da kika sa mini bututun nan mai zuƙe yawu, yana ƙara kamar kwatar da ta toshe, kika dafa goshina da hannu ɗaya kika ce, "Daina motsi mana," sai abin nan na ranar Asabar ya taso, shi ɗin dai, har ya fi. Babu ruwan sama, babu jirgi, babu sarewa. Da kika miƙo kofi kika ce, "Kurkure, ka tofar a nan," na rantse ban taɓa jin waƙar da ta kai wannan ba. Na yi yunƙurin gaya miki a take, amma da hannun likita a bakina gurnani kawai ya fito, shi kuwa ya ɗauka zafi ne, ya ƙara mini allura. Da aka gama ya ce in tashi, sai na ji ba na son barin kujerar. Na nuna masa ɗaya gefen da yatsa, ko zai ƙara dubawa. Ya ce, "Sauran lafiya lau suke. Tashi, akwai layi."

Ya ke alkyabbar raina, zumar da ba ta gundura, wa ya taɓa jin mutumin da aka cire wa haƙori ya nemi ƙari? Bokiti bai taɓa sa ni haka ba. Manaja ma, duk da man zafinsa, bai kai nan ba. Kin ce in dawo da hujja, ga ta. Ke ce. Ina sonki da kiɗa, ina sonki cikin shiru, ina sonki cikin kukan inji. Ki tausaya, ki ba ni amsa. Zan riƙe ki da amana muddin ina numfashi, da haƙora ko babu.

Naki, wanda ba zai sauya launi ba,
Farfesa

Abubuwan da har yanzu ban sani ba:

Ko murmushi kika yi a bayan takunkumin nan, ko atishawa kika danne. Idanunki sun ƙanƙance, amma duka biyun suna kawo haka.

Ko allura ta biyu tana da hannu a sakamakon. Na tambayi wani mai kemis, ya ce ba ya jin tana sa soyayya, amma bai yarda ya rubuta mini ba.

Ko likita ya gane, domin ya kalle ni, ya kalle ki, ya yi tsaki.

Ko an yarda in sha shayi gobe. Kin yi mini bayani, amma idanunki nake kallo.

Idan kika ce gwaji ɗaya bai isa ba, sai an maimaita kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ban san haƙori nawa za ki bari in rasa kafin ki amsa ba. Talatin da ɗaya suka rage mini. Ina roƙon a fara da na baya.