Ƙanshin Ruwan Farko a Ɗakin Rahila

Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma a unguwar Sparkbrook ɗin nan ta ƙasar Turawa ba ni da wanda zan gaya wa.

Tukwanen rininki suna nan a kicin, ban taɓa su ba. Matan zumunta sun rataye babban ƙyallenki a coci, wanda kika rina da ɓawon albasa da ganyayen bakin kanal, hanyar ruwan nan da aka haƙa. Wai Allah ne ya buɗe miki ido, kamar matan nan na zamanin dā da kike karanta labarinsu, masu kulle kansu a ɗaki suna addu'a har su ga haske. Ni na daina zuwa cocin. Amma in faɗi gaskiya, su suka ciyar da mu lokacin jinyarki, kuma ƙyallen yana da kyau. Ban taɓa gaya miki ba. Koren nan har tsoro yake ba ni.

Kin tuna yadda abin yake fara miki? Sai ki ajiye ludayi, ki ce kina jin ƙanshin ƙasa irin na ruwan farko a Wusasa, alhali tagogi a rufe suke. Sannan hasken ya zo miki cikin ganyaye. Sau nawa na ce mu ga likita? Kika ce ba a kai baiwa asibiti. Ranar da kika faɗi aka kai ki, ƙarin da ke cikin kanki ya riga ya girma.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. 'Yarmu Rahila zane take karanta yanzu a Manchester. Ranar Lahadi na je ɗakinta a unguwar Hulme. Bangon duk zanen ganyaye ne, korenki sak. Muna cin abinci ta ajiye cokali, ta tambaye ni ko ina jin ƙanshin ruwan farko. Saratu, yarinyar da ba ta taɓa ganin damina a gida ba, a ina ta san shi? Tana ta murmushi, wai ke ce kika zo mata.

Ke ce? In ke ce, don Allah ki koma.

Da ƙyar ta karɓi ranar ganin likita, Alhamis. Jiya ta bugo ta ce ta fasa, ba za a kashe mata abin da ya rage na uwarta ba. Zan hau jirgin ƙasa in tsaya a ƙofarta, ko da za ta tsane ni. Ke na ƙyale ki da haskenki. Ita ba zan ƙyale ta ba.

Ki huta lafiya. Ki bar mini ita.

Mijinki,
Ishaya