Wutar Rana Awa-Awa

Aveiro, 9 ga Yuli

Mama,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? 'Yata Ilinca tana cin abinci kuwa?

Saura ƙiris da an rufe masana'antar tayil ɗinmu. Babban mai sayen kayanmu ya tsare shugabanmu: "Kun ce da wutar hasken rana kuke aiki. Har da daddare?" Dole muka mayar da gashin tayil tsakar rana. Yanzu kowace awa da takardar shaidarta, mai nuna lokacin da aka samar da wutar. Jiya mai sayen ya duba takardun, ya sa hannu kan kwangilar shekara uku.

Zafin sai haƙuri, na ɗan rame, amma kada ki damu. Tunda aiki ya tabbata, ki fara nema wa Ilinca fasfo, ta dawo wurina.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Viorica