Katako biyu da na zare a filin Roni

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana. Ina kuma roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don na san halin wasunku, layi biyu suke karantawa su hau wa'azi. Laifina na san shi, ba sai an tuna mini ba. Shawara nake nema.

Ni mutumin Kazaure ne, shekarata goma sha bakwai ina aikin kafa dandamali da rataye fitilu a manyan taruka. Duk bikin da kuka ga mawaƙi yana tsalle a sama haske na bin sa, irinmu ne muka yini a rana muna ɗaure ƙarafa da sifana. Manyan baƙi su zo su baje riguna a kan abin da muka gina, ko sannu babu. Na saba da wannan. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar da Alhaji, mai kamfanin da nake wa aiki, ya kawo ƙanin matarsa ya ce daga yau shi ne manaja a kanmu. Zan kira shi Injiniya, don haka yake so a kira shi, ko da yake ban taɓa ganin ya ɗaure noti ɗaya ba. Mutum ne mai farar shadda da turare, kullum tabarau a ido, waya a kunne. Bai san nauyin fitila ba, bai san wace waya ke ɗauke da wuta ba, amma ya iya nuni da yatsa. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma sunana yake kira gatsau a gaban ma'aikata, har da ƙyasta mini yatsa. Wai ni za a koya wa aiki? Ni da na kafa dandamali a Babura ana tsuga ruwa bai motsa ba?

A damina ta bana muka samu aikin wani babban taro na ƙungiyar manoma a wani fili a wajen Roni, har da mawaƙa daga Kano. Filin yashi ne, kuma an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Wanda ya san aikin ya san cewa dogon ƙarfen da ake rataye fitilu a kansa ba a ɗora ƙafafunsa a kan yashi haka nan, sai an shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ta nutse. Injiniya ya zo ya ga muna sauke katako, ya yatsina fuska.

"Wannan dattin fa? Zai fito a bidiyo. Ku mayar da shi mota."

Na san abin da ya kamata in ce. Amma sai na ji wani daɗi ya ratsa ni, na rusuna kamar da gaske na ce, "Yadda ka ce, Injiniya."

Akwai abokin aikina, zan kira shi Bitrus. Mutumin Filato ne, ya fi shekara ashirin a Kazaure, shi ne mai haɗa mana wuta. Shekara goma sha biyu muna cin abinci a kwano ɗaya, idan zan yi salla shi yake tsare mini kayan aiki. Bayan Injiniya ya koma inuwa, Bitrus ya jawo ni gefe.

"Malam, ka san wannan ƙarfen ba zai tsaya ba."

Na ce, "Ni ne manaja? Mai ilimi ya yi magana."

Bitrus ya juya ya bar ni. Ya je mota ya ɗauko katako biyu, ya sa jak ya ɗaga ƙafafun gaba, waɗanda suka fi ɗaukar nauyi, ya tura katakon a ƙarƙashinsu, ya ja jan kafet ya rufe don kada Injiniya ya gani. Ina tsaye ina kallonsa. Ya kakkaɓe hannu ya ce mini, "Ko wannan ma ya fi babu."

Ga inda kunyata take. Da azahar kowa ya watse, wasu salla, wasu abinci, Bitrus ya tafi duba janareta. Ba a kai ga ɗora fitilun ba, ƙarfen bai yi nauyi ba. Na ɗauko jak ɗin nan, na ɗaga, na zare katakon biyu, na mayar da kafet, na jefa su bayan mota. Sannan na je na yi alwala na bi jam'i kamar mutumin kirki. Me nake nufi? Wallahi ban yi nufin jini ba. So nake ƙarfen ya ɗan karkace a gaban manyan baƙi, a tsayar da taro, Alhaji ya zo ya tambayi wanda ya hana sa katako, in ga Injiniya yana zufa a cikin farar shaddarsa. Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki, ban san cewa ƙarfe ba ya tsayawa a inda mutum ya so ya tsaya ba? Na sani. Ƙiyayya ce ta rufe mini ido.

Bayan la'asar fili ya cika. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Ina kallon ƙafar ƙarfen ta dama tana shiga yashi, ƙarfen da fitilunsa ya fara kwantowa wajen rumfar mata. Ni da na san dalili, ƙafata ta ƙi ɗagawa. Injiniya kuwa shi ne na farko da ya ruga, har tabarau ɗinsa ya yar. Bitrus ne ya yi gaba. Ya kama igiyar da ke ɗaure a ƙarfen, ya naɗe ta a hannu, yana ja yana yi wa mata tsawa su tashi. Suka watse kuwa, babu wadda ko ƙwarzane ta samu. Ƙarfen ya juyo ya faɗo masa a hannun dama. A asibiti aka yanke shi daga gwiwa.

Kun san abin da Injiniya ya gaya wa Alhaji? Cewa ya yi shi da bakinsa ya ba da umarni a sa katako, Bitrus ne ya yi sakaci. Ko idonsa bai ƙifta ba. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne babba a wurin, me ka sani?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ina wajen lasifika, ban lura ba." Shi ke nan. Aka sallami Bitrus, aka ce kamfani ba zai ɗauki nauyin wanda ya jawo wa kansa ba. Injiniya yana nan daram, ya ma sayi sabon tabarau. Mawaƙan da suka yi ta kiran sunan manyan baƙi a ranar babu wanda ya tambayi sunan mutumin da ya tare ƙarfe da hannunsa. Matan da ya ceta ma ban ji an ce ɗaya ta taka asibiti ba. Ina kallon su duka ina jin ƙyama, sai kuma in tuna cewa a cikinsu babu wanda ya taɓa jak.

Duk Juma'a ina zuwa gidan Bitrus. Ina tarar da shi yana koyon kama cokali da hagu, shinkafa na zubewa a kan tabarma. Matarsa tana kawo mini ruwa tana cewa, "Baba, a duk kamfanin nan kai kaɗai ne mutum." Ina karɓa in sha. Wace irin fuska gare ni?

Makon jiya ya gaya mini cewa dattawan cocinsu sun kai maganar gaban mai unguwa, an kira Alhaji, za a zauna ranar Asabar. Ya dafa gwiwata da hannun da ya rage masa.

"Malam, ba na son ka rasa aikinka. Amma kai ka ga na sa katakon nan, da idonka. Abin da nake so ka faɗa ke nan kawai. Na san wannan Injiniyan ne ya sa aka cire su."

Na ce masa, "Allah ya kai mu."

Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. Idan na ce na ga ya sa, sunan Bitrus ya wanku, kuma kowa zai ɗauka Injiniya ne ya cire, tunda ma'aikata duka sun ji lokacin da ya hana. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana son wannan sosai. Maƙaryaci ne, matsoraci, ya cancanci ya faɗi, kuma babu wanda zai taɓa sani. Amma da rantsuwa za a yi zaman, kuma mai unguwa dattijo ne mai bin magana har tushe, dole ya tambaye ni ko na san wanda ya zare su. In na faɗi gaskiya duka, aikina ya tafi, ƙila har da 'yan sanda, ina da mata da 'ya'ya shida. Wannan ma da sauƙi. Abin da ba na iya hangowa shi ne Bitrus yana zaune a gefena, da ragowar hannunsa a naɗe, ya juyo ya kalle ni.

Yau Laraba. Ya aiko mini cewa in biyo ta gidansa ranar Asabar da safe mu tafi tare a babur ɗina, don shi ba ya iya tuƙi yanzu. Jama'a, don Allah, me zan yi?